Faɗuwar tsufa: yadda za a ƙarfafa ƙafa, a saki jiki, a kuma iya tashi in an faɗi

Akwai wata ɗabi'a da muke yi da sunan biyayya ga iyaye wacce ni dai a ganina tana cikin abubuwan da ke saurin kwantar da su. Da zarar Baba ya haura sittin ko Inna ta fara kukan gwiwa shikenan, "Baba zauna ka huta", "Inna bari a kawo miki", buta a miƙo, ruwan sha a miƙo, ko tsintsiya ta ɗauka sai wani jika ya zo ya karɓe, masallacin bayan layi ma sai an kai mutum a mashin. Lada ake nema na sani, amma ƙafar da ba ta aiki ƙarfinta zubewa yake a hankali ba tare da an lura ba, ranar da santsin banɗaki ya ɗebe ta kuma babu abin da zai tare jikin.

Kuma fa abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, in ka cire hatsarin hanya babu hatsarin da ya kai shi kisa, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu ne marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki. Cikin masu shekara 65 zuwa sama kusan mutum ɗaya cikin uku yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Mu ba ma ƙirgawa ne kawai, sai dai ka ji an ce ai tunda Hajiya ta faɗi a bayi ba ta ƙara tashi ba.

Sau da yawa tsoron da faɗuwar farko ta bari ya fi ita kanta illa. Mutum ko bai karye ba sai ya koma tafiya a ɗarare, jiki a sandare, kafaɗu a ɗage, ido a kan yatsun ƙafa, yana jan silifas maimakon ya ɗaga ƙafa, ya rage fita, tsoka ta ƙara saki, to sai faɗuwa ta biyu ta zo cikin sauƙi fiye da ta farko. Saboda haka abu uku ake nema, ƙafa mai ƙarfi, jiki a sake, da sanin yadda ake kaiwa ƙasa da yadda ake tasowa. In kai ne ka kai hamsin to da kai nake, in kuma tsoho ko tsohuwa gare ka a gida to kai za ka zauna ku yi tare. Tsoka tun daga wajen shekara 30 take fara raguwa kaɗan-kaɗan, bayan 60 ta ƙara gudu, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na 1: a fara gwadawa a ga inda ake

A samu kujera mai ƙarfi mara hannu a jingina ta da bango, banda kujerar roban nan ta biki da ƙafarta ke buɗewa. Mutum ya zauna ya rungume hannayensa a ƙirji, a kunna agogon waya na daƙiƙa 30, ya dinga miƙewa tsaye sosai yana komawa, a ƙirga sau nawa ya miƙe. A ma'aunin da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke amfani da shi, namiji mai shekara 60 zuwa 64 in ya kasa kai 14, ko mace ta kasa kai 12, ƙafar ta yi rauni. Ga masu 70 zuwa 74 kuma 12 ne ga namiji, 10 ga mace. Wanda ba zai iya tashi ko sau ɗaya ba sai ya dafa, shi ma amsa ce.

Gwaji na biyu, daga zaune ya tashi ya yi tafiyar mita 3 yadda ya saba tafiya, ya juyo ya dawo ya zauna. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin masu haɗarin faɗuwa. Na uku ya sa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, diddigen ta gaba yana taɓa yatsun ta baya, a ga ko zai kai daƙiƙa 10 bai dafa ba. Duk gwajin nan wani ya tsaya a gefensa. A rubuta lambobin a takarda a dinga maimaitawa duk wata, domin tsoho in ya ga lambarsa ta tashi daga 7 zuwa 10 wallahi ya fi duk wani wa'azin da za ka yi masa tasiri.

Mataki na 2: a nemo abin da ke kawo jiri

Motsa jiki ba zai hana faɗuwa ba in dai kai na juyawa. A tattaro duk magungunan da mutum ke sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a kai wa likita ya duba. Maganin barci irin su Valium, Piriton da ake sha don mura, tiramol, da wasu magungunan hawan jini duk suna iya sa jiri ko magagi, musamman in sun haɗu da yawa. Amma don Allah kar kowa ya daina shan maganin hawan jini da kansa, likita ne zai rage ko ya canza. Mai ciwon suga kuma abu biyu ne, suga na iya faɗuwa ya sa shi hajijiya in ya sha magani bai ci abinci ba, sannan ciwon in ya daɗe yana kashe jin tafin ƙafa, mutum yana takawa amma bai san me ya taka ba.

Ido ma a duba, yanar ido aikinta ba ya daɗewa kuma mutane da yawa da ake cewa tsufa ne ya sa su tuntuɓe ba sa ganin dokin ƙofar ne kawai. Akwai kuma wani jiri da ke zuwa in mutum ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai sama, ɗaki ya yi ta juyawa na ɗan lokaci ya tsaya, wannan galibi daga cikin kunne yake kuma likita na iya gyara shi ta hanyar jujjuya kan mutum a wani tsari, ba sai an yi ta shan ƙwaya ba.

Sai tashi daga kwance, wanda shi ne ke kayar da mutane da asuba da lokacin fitsarin dare. In an zabura aka miƙe, jini bai gama hawa kai ba, ido ya yi duhu. A tashi hawa uku, a fara zama a bakin gado, a jujjuya idon sawu a ƙirga zuwa talatin, sannan a miƙe ana dafe da wani abu, a tsaya kaɗan kafin a ɗaga ƙafa. Lokacin azumi da lokacin bazara a ƙara kula don jiki na bushewa, kuma tsofaffi ba sa jin ƙishi kamar da, wasu ma da gangan suke ƙin shan ruwa wai don kar fitsari ya dame su.

Mataki na 3: ƙarfin ƙafa

Nan ne gundarin aikin. Akwai wani tsarin atisaye da aka fitar a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan don tsofaffi su dinga yi a gida, sau uku a sati kamar minti 30, a haɗa da ɗan tattaki, kuma gwaje-gwajen da aka yi sun nuna ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100. Babu inji a ciki babu zuwa gidan motsa jiki, abubuwan da ke ƙasan nan irinsu ne.

Tashi-zauna a kujera shi ne uba. Ƙafafu a ɗan ja su baya ƙarƙashin gwiwa, a sunkuyo da ƙirji gaba, a miƙe, sannan a koma a hankali kamar ana ƙirga ɗaya biyu uku, kar a saki jiki a faɗa kujerar tim, komawar a hankali ita ke gina cinya. A fara da 5 ana dafawa da hannu biyu, sai hannu ɗaya, sai babu, har a kai 10 sau biyu. Daga nan a tsaya a riƙe ƙarfen taga ko bayan kujera a yi ɗage a kan yatsu a sauko, sau 10. A juya a tsaya kan diddige a ɗaga yatsu sama, sau 10, wannan ɗin mutane na raina shi alhali tsokar gaban ƙwauri ita ke ɗaga yatsu su tsallake bakin tabarma. Sai ɗaga ƙafa gefe guda jiki a miƙe ba tare da an karkace ba, sau 10 kowace ƙafa, don ƙarfin kwatangwalo. A zaune kuma a miƙe gwiwa ƙafa ta yi sama a riƙe kaɗan a sauke, in ya zama wasa a cika safa da yashi a ɗaura a idon sawu. In akwai matattakala ko gajeren dakali a hau a sauka ana dafe da bango.

Dole abin ya ɗan yi wuya, in ana gamawa ba a ji komai ba to lokacin ƙari ya yi. Tsamin jiki washegari ba matsala ba ne. Amma ciwo mai suka a gaɓa, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko jiri, a tsaya nan take a ga likita, mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki kuma ya fara ganin likitan fisiyo, wato likitan gashi da motsa gaɓoɓi, tukuna. Kar a riƙe numfashi lokacin yunƙuri, a fitar da shi.

Bari in ɗan ratse. Mu muna da wata dama da Turawa ke biyan kuɗi su koya, wato sauka ƙasa da tasowa, muna yi a sallah sau da yawa kullum, muna zama a tabarma, muna tsugunno. Addini ya ba wanda ba zai iya tsayuwa ba damar yin sallah a zaune, wannan babu ja, amma wanda ya koma kujera ya sani cewa ya rasa wani atisaye da jikinsa ya saba da shi shekara da shekaru, sai ya rama ta wata hanyar, kuma ya nemi maganin gwiwar maimakon ya sallama.

Abinci kuma a taƙaice, tsoka ba ta ginuwa da koko da tuwo kaɗai. Wake, alale, ƙosai, awara, ƙwai, kifi, gyaɗa, kindirmo, a samu ko ɗaya a kowane ci. Ƙashi yana son nono da miyar kuka da zogale da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya, yana kuma son hantsi, musamman iyayenmu mata da ke wuni a ɗaki, su ne kuma ƙashinsu ke saurin yin rauni bayan ɗaukewar al'ada.

Mataki na 4: koyon tsayuwa daram

Tafiya kaɗai ba ta isa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce tsoho ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, kuma kwana uku a ciki ya haɗa da atisayen daidaita tsayuwa da na ƙarfi. A tsaya kusa da bango a ɗaga ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, a canza. A bi layin tayil ko tsagin siminti ana ɗora diddige a gaban yatsu taku 10. A yi tafiya a kaikaice zuwa dama a dawo hagu, a yi tafiya da baya a hankali, a ajiye bokiti biyu a tsakar gida a dinga zagaya su ana shiga tsakaninsu don a saba da juyawa, domin wajen juyawa ake yawan faɗuwa, an kira mutum ya waiwayo da sauri ƙafa ta harɗe. Tsarin ci gaba ɗaya ne, hannu biyu a bango, sai ɗaya, sai yatsa ɗaya, sai a saki amma hannun na kusa. Ɗan tangaɗin da ake ji shi ake so, a nan jiki ke koyo. Wasan tai ci na 'yan Sin, wanda ake yi a hankali kamar ana rawa cikin ruwa, shi ma bincike ya nuna yana rage faɗuwa, akwai bidiyoyinsa a YouTube in akwai data.

Mataki na 5: sakin jiki

Wannan sai an koya, ba a cewa mutum "saki jikinka" ya saki. A zauna, a ɗage kafaɗu har kunne a matse na daƙiƙa biyar, a sake su su faɗo. A dunƙule hannu a sake, a cije haƙora a sake, a matse cinya a sake. Manufar ita ce mutum ya gane bambancin jiki a ƙanƙame da jiki a sake, don da yawa sun daɗe a ƙanƙame har sun ɗauka haka jikinsu yake. Sai numfashi, a ja ta hanci ciki ya kumbura, a fitar ta baki a hankali fitarwar ta fi shigarwar tsawo, sau biyar zuwa goma, bayan sallar asuba lokaci ne mai kyau. A bi da juya wuya dama da hagu, juya kafaɗu, murɗa ƙugu a hankali.

Sai a kai shi cikin tafiya. Gwiwa kar ta kulle, hannaye su dinga lilo ba a goye a baya ba kuma ba a cikin aljihu ba, ido ya kalli taku uku ko huɗu a gaba, diddige ya fara sauka. In an zo wurin santsi a fitar da numfashi, a rage tsawon taku, a ɗan buɗe ƙafa. Mai babbar riga ya tattare ta, mai zani ko doguwar riga ta ɗage kaɗan. Sanda kuma ba abin kunya ba ce, tsawonta ya kai wuyan hannu in mutum na tsaye, a sa mata roba a gindi, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar da ke ciwo.

Mataki na 6: in faɗuwar ta zo

A ƙasar Holan akwai azuzuwan da likitocin fisiyo ke koya wa tsofaffi faɗuwa a kan katifa, dabarun kuma daga wasan judo, wata irin kokawa, aka aro su. Mu ma wanda ya saba kallon kokawa ya san gwani in aka kayar da shi mirginawa yake ya tashi yana karkaɗe yashi. Ƙa'idojin su ne, da ka ji ka tafi kar ka yi gardama da ƙasa, lanƙwasa gwiwa ka rage tsawo don nisan ya ragu. Kare kai kafin komai, in da baya za ka faɗi sa haɓa a ƙirji don ƙeya kar ta bugu, in ta gaba ne juya fuska gefe. Hannu a yi amfani da shi amma gwiwar hannu a lanƙwashe, hannun da aka miƙe a sandare shi ke karya wuyan hannu. A sauka a kan wurin nama, mazaunai da cinya da bayan kafaɗa, a ci gaba da mirginawa kar a tsaya cak. Mafi muni ita ce faɗuwa a kaikaice kai tsaye kan ƙashin kwatangwalo, kusan duk karayar ƙugu a tsofaffi daga faɗuwa take kuma galibi irin wannan, don haka in da hali a murɗa jiki a sauka ta mazaunai. Abin da ke hannu, faranti ne ko waya ko buta, a sake shi ya tafi.

Gaskiya faɗuwa ba ta ba da lokacin tunani, sai abin da jiki ya saba. To a saba daga ƙasa-ƙasa, a shimfiɗa katifa a ƙasa, a zauna a rungume gwiwa haɓa a ƙirji a mirgina baya a dawo, sai daga durƙuso a kwanta gefe a mirgina ana fitar da numfashi. Daga tsaye kam banda, sai da likitan fisiyo. Wanda aka ce ƙashinsa ya yi rauni, ko ya taɓa karaya daga ƙaramar faɗuwa, ko yake da ciwon baya mai tsanani ya tsallake wannan ya tafi mataki na gaba.

Mataki na 7: tashi daga ƙasa

Kar a zabura. A kwanta a ja numfashi, a motsa yatsu da hannu da ƙafa a ji ko akwai inda ya ƙi. In lafiya, a mirgina gefe, a dafa a koma rarrafe, a rarrafa zuwa kujera ko gado ko dakali, a ɗora hannu biyu a kai, a kawo ƙafar da ta fi ƙarfi gaba tafinta a ƙasa, a yunƙura a juya a zauna, a huta kafin a miƙe. Wanda gwiwa ba ta barinsa rarrafe ya ja mazaunai zuwa matattakala ko tarin matashi ya hau da baya hawa-hawa. A dinga gwada wannan sau ɗaya a sati da wani a kusa, wanda ya san zai iya tashi tsoronsa raguwa yake sosai.

Kai mai taimako, kar ka ja Baba ta hannu ko ta hammata ka ɗaga shi, za ka iya goce masa kafaɗa kai ma ka ji ciwon baya. Kawo kujeru biyu, ɗaya a gabansa ya dafa ɗaya a bayansa ya zauna, ka riƙe ƙugunsa kawai. In kuma mutum shi kaɗai ne ya kasa tashi, ya yi kira, ya buga ƙofa ko kwano, ya jawo abin rufa in sanyi ne, ya ja jiki inuwa in rana ce. Shi ya sa ƙaramar waya ta dinga zama a aljihu har banɗaki, kuma sakatar banɗakin tsoho ta zama wacce za a iya buɗewa ta waje.

Mataki na 8: gida

Tayil mai sheƙi a banɗaki da wurin alwala babban maƙiyi ne, a shimfiɗa tabarmar roba, a kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da masai, a sa kujerar wanka. Gansakukar damina a kankare ta. Tocila ko fitila mai caji a bakin gado saboda ɗauke wuta, hanyar banɗaki kuma a kwashe takalma da wayar caji da butoci. Silifas ɗin da gindinsa ya suɗe a jefar, a sayi takalmi mai kama diddige.

Mataki na 9: yaushe ne sai asibiti

In mutum ya kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarce ta juya waje, ko yana jin ciwo a matsematsi ko kwatangwalo, kar a tayar da shi tsaye don a gwada, a ɗauke shi a kwance zuwa asibiti a yi hoto. Na san da yawanmu mai ɗori muke fara nema, amma karayar ƙugu tana can ciki ne inda kara da tsumma ba sa kaiwa, yawanci aiki take buƙata kuma da wuri, don doguwar kwanciya ita ke jawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini. Asibitin ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna wannan aikin. In kai ya bugu kuma, ko da babu jini a waje, a kai shi in akwai amai, ciwon kai, yawan barci, rikicewa ko suma, mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin kuwa a kai shi ko ya ce ras yake ji. A ci gaba da sa ido har makonni bayan nan, domin a tsofaffi jini na iya taruwa a hankali cikin kai, sai bayan wata guda ka ga Baba ya fara mantuwa ko jan ƙafa a ce tsufa ne ko iska, a gaya wa likita cewa ya taɓa faɗuwa da kuma ranar da abin ya faru.